Abin da ya ci Stadia

Google ta buɗe Stadia, dandalinta na buga wasannin bidiyo ta intanet, a Nuwambar 2019. A Fabrairun 2021 ta rufe ɗakunanta na ƙirƙirar wasanni a Montreal da Los Angeles, ranar 18 ga Janairun 2023 kuma ta kashe Stadia gaba ɗaya.

Jama'a, fasahar ta yi aiki fa. A lokacin, wasan yana gudana ne a kwamfutocin Google, kai bidiyo kawai ake turo maka. A hoto 60 cikin daƙiƙa, kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, don haka in saƙon maɓallinka ya yi jinkirin zuwa da dawowa, hannunka zai ji. Shi ya sa suka haɗa na'urar buga wasan da ake riƙewa a hannu da Wi-Fi kai tsaye, don rage jinkirin. Hoto mai matsakaicin inganci (720p) na son saurin intanet na 10 Mbps, mafi inganci (4K) na son 35, yana kuma lashe data kusan 20 GB a awa.

A ganina ciniki ne ya kashe ta. Za ka sayi wasa da cikakken kuɗi, alhali ba ya hannunka. Da aka rufe ɗakunan wasannin, wa zai ƙara zuba kuɗinsa? An dai mayar wa mutane kuɗin wasanni da na'urori, banda kuɗin rajistar wata-wata na Stadia Pro.