Abin da Rashanci da Kecuwa ke tilasta wa mai magana ya faɗa

Rashanci da Kecuwa ba su haɗa kaka ba, kuma babu wata iyaka da masu magana da su suka taɓa haɗawa. Na farko ɗan gidan harsunan Silab ne, ɗan'uwan harshen Yukiren da na Belarus, masu jin sa tun daga tsumma sun kai kimanin miliyan 150, kuma yana cikin harsuna 6 da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su. Na biyu harshen tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, ana magana da shi a Peru da Bolibiya da Ekwado, da wasu sassa na Kolombiya da Ajantina, kuma masu shi ba su wuce miliyan 8 zuwa 10 ba. Su kansu suna kiran sa Runasimi, wato bakin mutane. Duk da wannan nisa, na ga amfanin jera su wuri guda, domin dukansu biyu a ƙeyar kalma suke ɗora nauyin nahawunsu, amma abin da kowanne ya zaɓa ya ɗora a wurin ya sha bamban.

A Kecuwa, "wasi" gida ne. Idan aka ce "wasiy" an ce gidana, "wasiykuna" gidajena, "wasiykunapi" kuma a cikin gidajena. Kowane ɗafi aiki ɗaya yake yi, yana da wurin zamansa a layi, kuma ba kasafai yake sauya kama ba don ya haɗu da wata sabuwar kalma. Wanda ya koyi cewa "kuna" jam'i ne ya koya ke nan har abada. Rashanci bai san wannan sauƙin ba. Littafi "kniga" ne idan shi ne aikau, "knigu" idan shi ne karɓau, "knigoy" idan da shi aka yi aikin, kuma wannan wasali guda da ke ƙarshen "kniga" shi kaɗai yake nuna cewa kalmar tamace ce, tilo ce, kuma ita ce aikau. Yanayin suna, wato wannan sauyin ƙarshen kalma bisa aikinta a jimla, 6 ne, jinsi 3 ne, wato namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba, kuma kowane rukuni da nasa ɗafin, ga kalmomin da suka ƙi bin doka. Yanayin suna a Kecuwa ya fi na Rashanci yawa, amma haddarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda bambancin ya fi jan hankalina shi ne abin da mai magana ba shi da ikon ɓoyewa. Barashe ba zai iya cewa ya rubuta wasiƙa ba sai ya bayyana abu biyu ko yana so ko ba ya so. Na ɗaya shi ne jinsinsa, domin namiji "ya pisal" zai ce, mace kuwa "ya pisala", inda "ya" ke nufin ni. Na biyu shi ne ko aikin ya kammala, domin "pisal" na nufin an zauna kan rubutun ba tare da an ce an gama ba, "napisal" kuwa wasiƙa ta kammalu. Kusan kowane aikatau na Rashanci tagwaye ne ta wannan fuska, kuma a nan ne baƙi masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Haka ma tafiya: "idti" da ƙafa ce, "yekhat" a kan abin hawa, kuma babu kalma guda ta yau da kullum da za ta bar mai sauraro cikin duhu.

Kecuwa bai damu da jinsi ba sam. Wakilin suna "pay" shi ne shi, shi ne ita. Abin da ya damu da shi shi ne inda mai magana ya samo labarinsa. A karin harshen Kusko, wani birni a Peru, wanda ya ce "parashanmi" yana cewa ana ruwa kuma shi shaida ne, wanda ya ce "parashansi" ji ya yi daga wani, wanda ya ce "parashanchá" kuwa zato yake yi. Ɗafin na tsakiya ya yi kama da "wai" ɗinmu, sai dai mu muna iya zubar da "wai" mu ba da labari kamar mun gani da ido, a can kuwa tatsuniya da labarin magabata da ɗafin ji ake ba da su, jimla bayan jimla. Rashanci ma yana da ƙananan kalmomi irin su "mol" da "yakoby" da ke nuna cewa maganar ta wani ce, amma ganin dama ne. Ba na cikin masu cewa wannan tsari ya sa mutanen Andis sun fi kowa gaskiya, domin mai ƙarya zai iya liƙa "mi" a kan ƙaryarsa. Abin da tsarin ya yi shi ne ya sa ɗaukar alhakin magana ya fito fili a cikin kalmar kanta.

Akwai kuma "mu" iri biyu. "Ñuqanchik" ya haɗa da wanda ake yi wa magana, "ñuqayku" ya fitar da shi. Rashanci "my" guda gare shi, sai dai idan ana so a jawo mai sauraro ciki akan ce "my s toboy", wato mu da kai. Abin mamaki kuma, harshen da bai raba shi da ita ba ya raba 'yan'uwa gida huɗu: namiji yana kiran ɗan'uwansa "wawqi", 'yar'uwarsa "pana", mace kuwa tana kiran ɗan'uwanta "tura", 'yar'uwarta "ñaña".

Ta fuskar furuci, Rashanci yana cunkusa baƙaƙe har huɗu a farkon kalma, kamar a "vzglyad", kuma gaɓar da ake dannawa tana yawo ba tare da an yi mata alama a rubutu ba, har "muka" ta zama azaba idan an danna gaɓar farko, ta zama garin alkama idan an danna ta ƙarshe. Kecuwa kusan kullum gaɓa ta biyu daga ƙarshe yake dannawa. Wahalarsa tana ga baƙaƙen Kusko da Bolibiya, inda "tanta" taro ne, "thanta" tsohon tsumma, "t'anta" kuma burodi.

Tazarar da ke tsakanin miliyan 150 da miliyan 10 ba nahawu ne ya kawo ta ba, mulki ne. Dukansu sun taɓa zama harshen daula. Rashanci ya bi sarakunan Rasha, sannan Tarayyar Sobiyet, har ya mamaye Siberiya da Asiya ta Tsakiya, kuma hukuma ta yi ta gyara masa rubutu, daga Sarki Bitrus Mai Girma a 1708 zuwa gyaran 1918, har ya tsaya a haruffa 33. Kecuwa shi ne harshen mulkin daular Inka, wadda ke adana lissafinta a ƙulle-ƙullen zare da ake kira "khipu". Bayan zuwan Sifaniyawa a 1532, limaman coci suka ɗauke shi don wa'azi, har Domingo de Santo Tomás ya wallafa nahawunsa na farko a 1560. Bayan tawayen da jagoran 'yan ƙasa Túpac Amaru na Biyu ya yi wa Sifaniyawa a 1780, masu mulki suka juya masa baya, kuma sai a 1975 Peru ta ba shi matsayin harshen hukuma.

Saboda haka har yau babu daidaitaccen Kecuwa guda ɗaya kamar yadda ake da daidaitaccen Rashanci daga Mosko har Biladibostok. Mutumin yankin Ankash na Peru da mutumin Kusko ba lallai ba ne su fahimci juna, shi ya sa masana da yawa ke ɗaukar sa dangin harsuna. Ko yawan wasula ba a gama shawo kansa ba. Peru ta amince da wasula 3 a 1985, wato a da i da u, bisa hujjar cewa e da o suna fitowa ne kawai kusa da baƙin q da danginsa, amma cibiyar harshen da ke Kusko ta nace a kan 5. Ina ganin hujjar masu 3 ta fi ƙarfi, ko da yake yaron da aka fara koya wa karatu da Sifaniyanci zai ci gaba da jin e da o a kunnensa yana neman su a takarda.