Kwana huɗu a Jifer muna jiran iska

Tun da na dawo Damagaram, duk fadar da na zauna shan shayi sai an tambaye ni yadda aka yi tafiyar da ba ta kai nisan Zinder zuwa Maraɗi ba ta ci mana kusan mako guda. Daga Dakar zuwa Banjul ta teku bai kai kilomita 200 ba, kuma jirgin da wani abokin aikina ya gayyace ni na shiga ƙarami ne, irin wanda ake ɗaura wa ƙyalle a jikin doguwar sanda iska ta riƙa tura shi, yana cin kimanin kilomita 9 a awa guda. A lissafin takarda, yini da kwana ya ishe mu.

Mun tashi a watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke kaɗawa, tana tura mai zuwa kudu daga baya. Da dare ya yi muna daura da garuruwan Mbur da Jowal da ke gaɓar Senegal, sai muka tsinci kanmu cikin kwale-kwalen masunta, da yawansu ba su da fitila. Matuƙi ya ba ni tocila ya zaunar da ni a goshin jirgin, ga jiri, ga amai yana taso mini, aka ce in yi ihu idan na hango wani abu. Ban hango komai ba har jirgin ya yi nauyi kamar an riƙe shi daga baya, ashe ragar wani muka ɗauko. Na miƙa masa wuƙa, ya ƙi karɓa. Ya sauke ƙyallen, ya kwanta rubda-ciki yana zare ragar da sanda kusan awa guda, domin a cewarsa abincin wani gida ne.

Washegari muka nufi bakin kogin Salum don mu huta. A 1987 teku ta fasa siririn tudun rairayin Sangomar da ya raba kogin da teku, kuma tun daga lokacin gurbin yake ƙara faɗi, rairayin ƙarƙashin ruwa yana sauya wuri, ta yadda tsohuwar taswira ba abin dogaro ba ce. Jirginmu yana da ƙarfe mai nauyi a ƙasansa da ya nutse kusan mita 2, saboda haka muka jira ruwa ya fara cikowa kafin mu shiga, domin ruwan teku kullum yakan ciko ya kuma janye. Dalilin ya burge ni: wanda ya kafe a rairayi ruwa na cikowa, ruwan zai ɗaga shi, wanda kuwa ya kafe ruwa na janyewa, sai ya kwanta a gefe ya jira sa'o'i.

A Jifer, wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin, muka jefa anka, a nan kuma iska ta tsananta, hazo ya sauko. Na san wannan hazon sarai, shi ne wanda ke rufe duwatsun Birni a hunturu, sai dai a gida leɓe kawai yake tsaga mana, a teku kuwa yakan ɓoye alamomin hanya. Daga inda muke muna jin raƙuman ruwa suna fashewa a bakin gurbin. Jirgin yana ta juyawa a kan igiyarsa, sai in tayar da salla ina fuskantar gabas in sallame ina kallon wani wuri dabam. Ruwan sha ma da kofi ake auna shi, abin da bai dame ni ba ko kaɗan, domin ɗan Damagaram ba baƙon jiran ruwa ba ne.

Abin da ya dame ni shi ne hutuna da ke ƙarewa. A rana ta uku na matsa wa matuƙi, har na ce ai masunta suna fita. Bai yi mini gardama ba. Ya ce su sun san gurbin tun suna yara, kuma kwale-kwalensu ba shi da ƙarfe a ƙasa, sannan ya tuna mini da Joola, babban jirgin fasinja da ya kife daura da gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, mutane fiye da 1,800 suka rasu. Na ji kunyar kaina, ko da yake a zuciyata ban daina lissafin kwanaki ba. Sai a safiya ta biyar iska ta lafa, muka fita, muka shiga Banjul kafin magariba.

Cikin duk waɗanda na ba wa labarin, kawuna ne kaɗai bai yi mamakin jiran ba, domin mahaifinsa ya sha bin ayarin gishiri zuwa Bilma, ya san yadda madugu kan durƙusar da raƙuma idan guguwa ta taso. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ranar da kuka tashi, ruwa nawa ya rage muku?"

Na ce, "Jarka ɗaya da rabi, Kawu."

Ya ɗan yi lissafi da yatsunsa, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini kofin shayi.