Sana'ar Sauraron Masu Kallo

Kamfanina ƙarami ne, mu biyar ne a cikinsa, kuma abin da muke sayarwa shi ne rahoto a kan abin da masu kallo ke faɗa game da finafinai da shirye-shirye masu dogon zango. Furodusa, ko mai kula da harkokin wani jarumi, shi ke ba mu aiki, mu kuma mu zauna mu karanta ra'ayoyin jama'a a YouTube da Facebook da Instagram da X, mu tankaɗe mu rairaye, sannan mu rubuta masa abin da ya kamata ya sani kafin a ɗauki kashi na gaba.

Muna raba abin da muka karanta gida uku. Akwai ƙorafi a kan ingancin aiki, kamar sautin da ba ya fita ko fitowar da aka ja ta har ta gunduri mutane. Akwai muhawara a kan labarin kansa, wato wa ya cancanci ya auri wa, kuma me ya sa marubuci ya kashe wane. Na uku shi ne maganar da ta bar fim ta koma kan jarumin da rayuwarsa. Kowane kashi na shiri sau biyu muke bibiyarsa, a daren da ya fita da kuma bayan kwana uku, domin abin da mutum ya rubuta ransa a ɓace yakan bambanta da abin da zai faɗa idan ya huce.

Darasi mafi tsada da na koya shi ne cewa yawan surutu ba shi ne yawan mutane ba. A farkon aikina na taɓa kai wa wani furodusa rahoton cewa masu kallo sun gaji da wata jaruma a shirinsa, ya yarda da ni ya rage mata fitowa, sai ga masu kallon shirin suna ta raguwa. Da na koma na bi sunayen masu sukar ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar mutane ne 'yan ƙalilan da ke maimaita magana guda a ƙarƙashin kowane bidiyo, su kuwa masu ƙaunarta ba su saba rubutu ba, kallo kawai suke yi. Laifin nawa ne, kuma har yau abin yana damuna, domin na taɓa abincin wata baiwar Allah da rahoton da ban tantance ba. Tun daga lokacin mutane muke ƙirgawa, ba saƙonni ba, kuma ba ma rubuta kome sai mun haɗa shi da bayanan da YouTube ke nuna wa mai tasha, musamman zanen da ke bayyana mintin da jama'a suka fara barin bidiyo.

Manyan shafukan ma sun sha fama da wannan matsala. A watan Fabrairun 2019 Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhi da makin finafinai, ya hana masu kallo rubuta tsokaci a kan fim kafin ya fita, saboda yadda wasu ke haɗa baki su yi wa fim ruwan suka alhali ba su gan shi ba, kuma a watan Mayu na shekarar ya fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. YouTube kuwa ya ɓoye wa jama'a adadin masu danna alamar rashin so a Nuwamban 2021, ko da yake mai tasha yana ganin nasa, shi ya sa muke neman izinin shiga bayanan tasha tun ranar da muka karɓi aiki.

Duk da haka ban yarda da furodusoshin da ke ɗaukar kowace suka a matsayin hassada ba. Lokacin da aka saki tallar fim ɗin Sonic the Hedgehog a Afrilun 2019, masoya sun ƙi yadda aka zana Sonic, wato bushiyar da ke jan ragamar fim ɗin, suka kuma faɗi abin da bai yi musu ba ƙarara, wato haƙora irin na mutum da ƙananan idanu da tsarin jiki. Kamfanin Paramount ya ɗage fitowar fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka sake zanen, fim ɗin kuma ya samu karɓuwa. A shekarar 2019 ɗin dai, fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe na shiri mai dogon zango na Game of Thrones, amma tashar HBO mai shirin ba ta sake ba. A ganina bambancin a fili yake: na farko ƙorafi ne a kan abu guda da ake iya gyarawa, ya kuma zo a kan lokaci, na biyu kuwa baƙin ciki ne na mutanen da suka shafe shekara takwas da labari, ya ƙare ba yadda suka yi fata ba. Dukansu gaskiya ne, amma ɗaya kaɗai ake iya yi wa aiki. Mai kallo ya fi kowa sanin inda ya ji zafi, sai dai maganin da yake bayarwa ba kasafai yake dacewa ba, don haka nakan kai wa marubuci wurin ciwon in bar masa neman magani.

Ɓangaren da ya fi yi mana nauyi shi ne faɗan magoya bayan jarumai. Da zarar an kwatanta jarumai biyu, sai maganar iya wasa ta ɓace, a koma zagin iyaye da tonon asiri, wasu ma su kasa raba jarumi da rawar mugun da ya taka. Irin wannan ba ma tura wa jarumi, domin babu abin da zai ƙaru da shi sai rashin barci. Muna ɓoye zagi, muna barin suka mai hujja kome zafinta, idan kuma maganar ta kai ga barazana sai mu adana hotonta mu sanar da wanda ya ba mu aiki nan take. Ma'aikatana ma mutane ne, shi ya sa ba na barin ɗayansu ya yi kwana biyu a jere a kan wannan kaso.

Akwai aikin da na sha ƙin karɓa, kuma kuɗinsa yakan fi na rahoto: a ce mu buɗe shafukan bogi mu yabi wani fim ko mu kushe na abokin hamayya. Idan na zuba ƙarya a cikin ra'ayin jama'a yau, ita zan ɗebo gobe in sayar wa wani a matsayin bincike. Na ƙarshen da ya zo mini da wannan buƙata, na yi masa tayin mu karanta masa ra'ayoyin da aka riga aka rubuta a kan fim ɗinsa, kuma a ciki muka gano cewa kiɗan da aka ɗora a bayan hira ne ke danne muryar 'yan wasa. An rage kiɗan a kashi na gaba, ƙorafin kuma ya lafa.