Hulata ta biyu, da abin da ya tsayar da ita

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗinkin hula. Kun ji ni shiru wata guda da 'yan kwanaki, har Malama ta aiko ɗiyarta ta tambaya ko na ajiye allura ne. Ban ajiye ba. Hular tana nan, jikinta ya wuce rabi, kan kuwa ko zana shi ban yi ba. Bari in ba ku labarin tun daga tushe, domin akwai abin da ya shafi wasunku a ciki.

Waɗanda suke zuwa zaman ɗinki na Alhamis a unguwar Shara Mansur, nan Makka, za su tuna ƙorafin da na riƙa yi. Layukan zane suna haɗe mini, zare biyu su koma ɗaya, in yi ta fama da kafar allura sau biyar kafin zare ya shiga. Layi guda sai da na warware shi sau uku, har yadin ya fara sakewa a wurin. Na ɗora laifin a kan fitila, aka canja fitila. Na ɗora a kan shekaru, tunda na ba arba'in da biyar baya, na je saidaliyya, wato kantin magani, na sayo tabarau na karatu. Ya yi mini kwana huɗu, shi ma ya daina aiki. Ƙishirwa kuma ban ɗauke ta a bakin komai ba, wa ke zaune a Makka da zafin nan bai sha ruwa ba? Haka tashin fitsari sau uku cikin dare. Abin da ya tayar wa babbar ɗiyata hankali shi ne ɗan wurin da allura ta soke ni a yatsa, mako biyu bai rufe ba. Ita ta matsa sai mun je mustausaf, wato ƙaramin asibiti.

Aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Sukarin ya nuna 212. Sai ɗayan gwajin da ake kira tarakumi a nan, wanda yake nuna yadda sukari ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya nuna 8.9. Likita ta juyo da takardar ta nuna mini da biro: na safe in ya kai 126, tarakumi in ya kai 6.5, ciwon sukari ne. Nawa nau'i na biyu ne. Ta ce jikina bai daina yin insulin ba, sai dai ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, shi ya sa sukarin yake taruwa a jini bai shiga inda zai yi amfani ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a mota na yi kuka. Da wannan ciwon Innarmu ta rasu, Allah Ya jiƙanta, kuma ni na yi jinyar ƙafarta wata bakwai. Da aka ambaci sunan ciwon, ƙafar nan ce ta faɗo mini a rai. Sai da daddare na tuna cewa Inna ta yi shekaru tana fama ba wanda ya san sunan abin, ni kuwa ga shi an gano mini da wuri, ga magani a hannu. Na yi alwala na gode wa Allah.

Maganar ido ita ce na fi so ku ji da kyau. Likita ta ce in sukari ya yi yawa a jini, ruwa yakan shiga ƙwayar idon da take daidaita gani, ta ɗan kumbura, gani ya sauya. Kuma ta gargaɗe ni cewa in sukarin ya fara sauka, ganin zai iya ƙara dusashewa na 'yan makonni kafin ya daidaita, don haka kada in yanka sabon tabarau sai an yi wata ɗaya ko biyu sukarin yana zaune wuri guda. Da ba ta faɗa ba, da na firgita, domin haka aka yi. Mako na biyu da fara magani ko zanen da ke jikin yadin ba na rarrabewa. Ta kuma tura ni wurin likitan ido a duba bayan idon, saboda nau'i na biyu yakan daɗe a jiki shekaru mutum bai sani ba, yana taɓa ƙananan jijiyoyin jini na can ciki. An ɗiga mini magani ya buɗe idon, ranar hasken waje ma ban iya kallo ba sai yamma. Alhamdu lillahi bayan idon lafiya lau. An ce in dawo baɗi, kuma kowace shekara haka.

Maganin da aka ɗora ni a kai shi ne metformin, wanda kowa a nan yake kira munazzim. Ƙwaya ɗaya mai 500 da abincin dare a makon farko, sannan aka koma safe da dare. Cikina bai karɓe shi da daɗi ba. Tashin zuciya, gudawa, da wani ɗanɗano a baki kamar na tsotsi tsabar kuɗi. Wata safiya ina sauri na haɗiye shi da shahi kawai, ban ci komai ba, ranar a kwance na wuni. Tun daga nan sai na kai tsakiyar abinci nake sha. Zuwa mako na uku cikin ya lafa. Likita ta ce da bai lafa ba, akwai irinsa mai narkewa a hankali da za a canja mini.

A wannan tsakanin masu zuwa dubiya sun kawo shawara iri iri, kuma duk don ƙauna suka kawo. Wata ta ce in bar ƙwaya in riƙe hulba da ganyen zaitun. Wata babbar yaya da nake ganin girmanta ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, maganin nan ƙoda yake ci, kada ki fara." Maganar ta tsaya mini a rai kwana biyu, har na koma na tambaya. Likita ta nuna mini cewa tun kafin ta rubuta maganin ta auna ƙodata, kuma za a riƙa aunawa, domin mai raunin ƙoda ne ake rage masa ko a hana shi. Ta ce abin da ya fi lalata ƙoda shi ne sukarin da aka bari yana yawo shekara da shekaru. Hulba ina sa ta a abinci kamar yadda na saba, amma ba ta maye gurbin ƙwaya ba.

To, sai yatsu. Wannan ba wanda zai gaya muku sai mai ɗinki. Na'urar gwaji tana son ɗigon jini daga yatsa, mu kuma da yatsu muke aiki. Kwanakin farko na soki tsakiyar manuniya, na kasa riƙe allura har washegari. Yanzu babban yatsa da manuniya na hannu biyun na keɓe su, na ɗinki ne. Sauran ukun nake bi ɗaya bayan ɗaya, kuma a gefe nake sokewa, ba a tsakiya ba, gefen bai kai zafi ba kuma ba ya taɓa yadi. In na soke sai in danne da auduga in jira kamar minti biyar kafin in ɗauki hula. Ban jira ba sau ɗaya, ɗigo ya sauka a farin wuri. Ruwan sanyi ya fitar da shi domin na yi maza, kada ku kuskura ku sa ruwan zafi, kama yadin yake yi. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin gwaji. Ranar nan na zuba wa Maigida dabino a faranti, na gwada, ta nuna 260, gabana ya faɗi. Na wanke hannu na sake, 171.

Abin da ya fi canjawa shi ne zaman ɗinkin kansa. Da daga sallar isha'i nake zama har ƙarfe ɗaya, fulas na shahi a gefe, kowane kofi cokali uku na sukari, ga dabino ina tsinta ban ma san adadi ba. Yanzu da hantsi nake ɗinki, kusa da taga, kuma duk zaren da ya ƙare a allura sai na miƙe na zaga ɗaki kafin in zura wani. Bayan cin abinci kuma tafiya ta minti goma sha biyar, da dare a saman bene in iska ta ɗan sassauta. Na ga amfaninta da idona a littafin da nake kwafar zane, wanda bayansa ya koma na rubuta lambobi. Kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta nan, iri ɗaya, faranti ɗaya, awa biyu bayan ci: ranar da na zauna 228, ranar da na taka 176. Abin da aka ce in nema shi ne ƙasa da 180 bayan ci, da safe kuma tsakanin 80 da 130. Daren Juma'a mun je Harami na yi ɗawafi a bene na sama, inda zagayen ya fi tsawo. Da na dawo na duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kamar yadda aka koya mini. Tsakar gida ma ba na taka ta ba takalmi yanzu.

Abinci ina koyonsa ne kamar yadda na koyi zane, da gwaji. Ful, wato dafaffen wake, bai yi mini komai ba, tamis, gurasar da ake ci da shi, ne ke ɗaga lamba, sai na koma kwata. Tuwon shinkafa ƙaramar malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa da yawa. Tsire, wanda Larabawan nan suka ara daga wurinmu suke ce masa sire, da kyar ya motsa na'urar. Kunun gyaɗa mai sukari kuwa shi ya fi kowa, na haƙura da shi tukuna. Wuyar tana wurin taro. A garin nan in aka miƙo miki gahawa da dabino, mayar da hannu ba daɗi. Nakan karɓi gahawar, in ɗauki dabino ɗaya, in faɗi gaskiya cewa sukari gare ni. Da ina jin nauyin faɗa. Abin mamaki, kusan duk inda na faɗa sai wata ta ce ita ma, ko mijinta, ko mahaifiyarta.

Ga inda aiki ya tsaya. Na jingine zaren shuɗi mai duhu domin har yanzu yana wahalar da idona, na ci gaba da cike wuraren ruwan ƙwai da fari, waɗanda nake gani sosai. Layi biyu nake yi a wuni, da kuwa huɗu ne, amma tun da na dawo ban warware ko ɗaya ba. Shekaranjiya zare ya shiga allura a karon farko, ba tabarau. Na kira ɗiyata daga kicin ta zo ta gani. Lambar safe tana kai kawo tsakanin 132 da 145, saura kaɗan. Za a sake tarakumi in wata uku ya cika, a ranar kuma zan tambayi yadda zan yi da ƙwayar in azumi ya zo, domin ba na so in yanke wa kaina hukunci.

Ku biyun da kuka ce mini a zaman ƙarshe zane yana yi muku hazo, don Allah kafin ku sayi tabarau ku je a auna muku sukari, da safe, ba ku ci komai ba. Wataƙila ido ne kawai. Amma gwajin ɗigon jini ne, kuma ni da na yi shi tun ranar da na fara warware layin nan, da na rage wa kaina wata biyu.

Malama, in Allah Ya kai mu Alhamis zan zo da hular ki duba mini mahaɗar baya, domin zanen bai haɗu daidai ba, gefe ɗaya ya ɗara ɗayan da kamar gida biyu, kuma ban san ko in matse ko in ƙara ba. Zan zo da fulas ɗina na shahi marar sukari, da na'urar, ko da wata tana so in nuna mata yadda ake sokewa a gefen yatsa.