Loɓaɓɓen ƙirji da laifin da aka ɗora wa ɗinkin takalma

A ƙarshen watan nan zan bar sashen tiyata, kuma cikin duk abin da na gani a can babu wanda ya tsaya mini a rai kamar batun wani saurayi ɗan koyon ɗinkin takalma da ya zo da kukan haki da saurin gajiya, ƙashin tsakiyar ƙirjinsa ya loɓa ciki har ya yi rami.

Babban likitan da nake ƙarƙashinsa yana jin sana'ar yaron ya yanke hukunci. Ya ce ai tun a tsofaffin littattafan Turai an san wannan da ƙirjin masu ɗinkin takalma, domin sukan tokare katakon da ake ɗora takalmi a kansa da ƙirjinsu shekara da shekaru, saboda haka maganin shi ne yaron ya bar sana'ar. Na ce, “Ranka ya daɗe, mahaifiyarsa ta ce ramin yana nan tun yana goye, kuma ga tsawonsa, ga dogayen yatsu, ko za a duba zuciyarsa?” Amsar da na samu a gaban ɗalibai da ma'aikatan jinya ita ce in bari sai na iya ɗaure zare kafin in koya masa aiki.

Tsohuwar maganar tana da tushe, domin matsi na tsawon shekaru yana iya lotsa ƙasan ƙashin ƙirji. Amma mafi yawan masu wannan larura da ita aka haife su: guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji ne ba ya girma daidai, sai ya tura ƙashin ciki, ramin kuma yakan ƙara zurfi lokacin balaga, musamman ga maza. Wani lokaci tana zuwa tare da karkacewar ƙashin baya ko ciwon Marfan, ciwon gado mai zuwa da tsawon jiki da dogayen yatsu, wanda ke iya buɗa babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Ciwon Marfan ɗin ne wata likitar zuciya ta gano bayan watanni, lokacin da yaron ya riga ya rasa gurbinsa wurin maigidansa. Shugaban nawa ya karanta sakamakon, ya ajiye, bai ce uffan ba, kuma a takardar kimanta aikina ya rubuta cewa ina da gardama.

Sauran abin da na koya a littafi yake. Ana auna tsananin loɓawar a hoton CT, mai nuna cikin jiki yanki-yanki, da ma'aunin Haller, wato faɗin ƙirji a raba da tazarar da ke tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya, idan ya haura 3.25 sai a fara maganar tiyata. Akwai hanyar Mark Ravitch ta 1949, wadda ake yanke guringuntsin, akwai ta Donald Nuss da aka wallafa a 1998, wadda ake zura lanƙwasasshen ƙarfe a bayan ƙashin ya yi shekara 2 zuwa 3. Hoton X-ray na ƙirji da aka ɗauka ta gaba kuma yakan ruɗi mutum ya ga kamar zuciya ta kumbura ko huhun dama ya kamu, don haka a nemi na gefe.

Ga wanda zai gaje ni, ya rubuta ra'ayinsa a fayil ɗin majinyaci da kwanan wata, ko da an ƙi saurarensa a zagayen safe. Nawa yana nan a rubuce, da sa hannuna a ƙasa.