Tazkiyya ba ta shigar da mutum PhD

Karo na farko da na nemi PhD a fannin harkar kuɗi jami'o'i shida na tura wa takarduna, duka shidan suka dawo min da imel ɗin nan mai farawa da doguwar godiya. In dai ka ga an fara da yi maka godiya to rufe kawai, babu labari. Lokacin ban daɗe da gama mastas a nan Jidda ba, sakamakona ya yi kyau, ni a tunanina magana ta ƙare. Kuɗin fom kowace jami'a wajen dala 100, riyal 375 ke nan tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce ba ta motsi, ga kuɗin GRE, jarrabawar masu neman karatun gaba da digiri, ga na TOEFL, jarrabawar Turanci, duk daga ɗan abin da nake samu ina koya wa 'ya'yan mutane lissafi bayan la'asar.

Wanda ya buɗe min ido wani Dakta ne, Bahaushen Sudan daga wajen Mai Wurno, a Ingila ya yi nasa karatun. Bayan isha'i muna cin ful da tamis ya ce in kawo takardun ya gani. Da ya zo kan wasiƙun malamaina uku sai ya cire tabarau ya fashe da dariya, ya ce “Ɗana, wannan ai tazkiyya ce, aure za ka nema?” Wallahi na ji haushi a ranar, amma gaskiya ya faɗa. Mu nan mun saba, in kana neman gurbin karatu sai ka je wajen babban malami ya rubuta cewa kai yaro ne mai ladabi da riƙon addini, ya buga hatimi. Haka nawa suke, layi biyar biyar, ɗaya ma sunana kawai aka canza. Dakta ya ce sashen kuɗi a irin waɗancan jami'o'i ɗaliban da yake ɗauka a shekara ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma shi zai ɗauki nauyinsu wajen shekara 5, kuɗin makaranta da alawus, to abin da farfesoshin suke so su ji shi ne wannan yaron zai iya yin bincike da kansa ko ba zai iya ba, kuma wa ya gan shi yana yi.

GRE ba zan ja ta da tsawo ba. Ɓangaren lissafi makinsa daga 130 zuwa 170 ne, ni 158 na ci na ɗauka na yi bajinta, ashe masu neman wannan fannin da yawa can kusa da ƙarshen ma'aunin suke. Wata uku na yi ina atisaye da agogo a gabana, na sake zama na samu 167. Sakamakonta yana aiki shekara 5, na TOEFL kuwa 2 ne kacal, sai da na sake biya. Na kuma ɗauki kwasakwasan lissafi guda biyu da babu su a takardata, liniya aljabara da wanda ake kira riyal analisis, ba riyal ɗin kashewa ba, wannan hujja ake kafawa tun daga tushe har sai kanka ya yi zafi.

Inda aikin yake shi ne binciken. Na koma wajen wani malamina mai rubuce-rubuce kan Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, na ce Dakta ina so in riƙa taya ka aiki ko ba ko sisi. Ya fara sa ni in maimaita aikin da masanan harkar kuɗi Fama da French suka yi a 1993 kan ribar hannun jari da hannuna, bayanan kyauta ne a shafin Kenneth French, sai da lambobina suka yi kusa da nasu sannan ya ce to yanzu kawo tambayarka. Tawa ƙarama ce: shin hawa da saukar farashin hannun jari yana lafawa a watan azumi? Wasu sun riga ni yin ta, na sani, amma daɗinta shi ne shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, azumi yana zagaya shekara, don haka kana iya raba tasirinsa da na Janairu ko na zafi.

Sati biyu ina samun sakamako mai ban mamaki har na fara jin kaina. Ran nan da daddare ina duba layukan ɗaya bayan ɗaya sai na lura babu Lahadi ko ɗaya a teburin. Tadawul daga Lahadi zuwa Alhamis take ci, kasuwar Amurka kuwa Litinin zuwa Juma'a, da na haɗa bayanan biyun a manhajar ƙididdiga ta Stata duk ranar da ba ta da 'yar'uwa a ɗaya ɓangaren sai ta zube. Abin bai tsaya nan ba, kafin tsakiyar 2013 Asabar zuwa Laraba ake ci, a waɗancan shekarun kwana biyu ke ɓacewa duk sati. Da na gyara sai rabin abin mamakin ya tafi. Na je wa malamin nawa na bincike da sanyin jiki, shi kuwa murna ya yi, kuma daga baya ya ce min wannan daren ne ya ba su labari a wasiƙar da ya rubuta, shafi biyu cif.

Takardar bayanin manufa ma sabuwa na yi. Ta farko na cika ta da tun ina yaro nake son taimakon talakawan Afirka, Daktan Mai Wurno ya ja mata layi da jan biro daga sama har ƙasa. A ta biyu na faɗi tambayar, da yadda na bi ta, da inda na yi kuskure, sannan abin da nake so in bincika kan sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, musamman tunda gwamnatin Najeriya ta fara fitar da nata a 2017 na naira biliyan 100. Kowace jami'a na ambaci malamanta biyu da na karanta aikinsu da gaske, don a intabiyu sai da aka tambaye ni kan ɗaya.

Disamba na tura wa guda goma, ban tsaya kan masu manyan sunaye kaɗai ba kamar karon farko. Bakwai suka yi min godiyar nan, ɗaya ta sa ni a layin jira, biyu suka ɗauke ni da cikakken tallafi.

Da na je Makka gaya wa kawuna a Shara Mansur, ya saurare ni har ƙarshe yana juya shayi, ya ce “Masha Allah. To shekara biyar kuma? Hajiyarka ta sani?” Na ce Kawu ai shi ya sa na fara zuwa wajenka.