Saƙon godiya bayan tafiyarmu ta Kwatano da Wida

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi mun dawo Kano lafiya, Goggo kuma ta miƙe garau. Na fara da wannan ne saboda waɗanda labari ya iske rabi da rabi, har wasu suka kira ni suna kuka wai an ce ta faɗa teku. Ko ƙafarta ba ta taɓa ruwan ba. Sukarinta ne ya sauka muna bakin gaɓa, Allah kuma ya haɗa mu da mutanen kirki a kan kari. Su nake so in gode wa a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukuici. Ba zan kama suna ba. Wasu sun roƙe ni kada in yi, wasu kuwa har muka rabu ban san sunansu ba.

Biki ne ya kai mu Legas, na 'yar ƙanwata da aka kai Agege. Da aka yi buɗar kai jama'a suka fara watsewa, sai Yaya ya ce tunda an zo har nan, kuma yawancin yaran ba su taɓa ganin wata ƙasa ba, me zai hana a leƙa Jamhuriyar Benin a yini a dawo? Goggo ce ta fara ɗaga hannu. Ta ce shekara da shekaru tana ɗaura atamfar Kwatano, tana shiga motar Kwatano, ba za ta koma gida ba sai ta ga garin da idonta. Mota ɗaya ta ɗebe mu kaf, manya da yara.

Yaya, godiyata ta farko taka ce. Ashe tun a Kano ka ƙulla abin a ranka, shi ya sa ka matsa wa kowa ya taho da fasfo da katin rigakafin shawara, ka kuma biya Wapa ka canzo sefa ba ka faɗa wa kowa ba. Mun yi ta tsokanarka wai biki ne ko aikin Hajji. Allah ya ƙara girma, ya bar mana kai. Haka mazajenmu da suka ba da izini ba tare da dogon turanci ba, mun gode, Allah ya ƙara buɗi.

A Badagiri muka kwana domin mu yi sammakon boda. Dattijon da ya sauke mu Bahaushe ne da ya daɗe a garin, ya ba mata ɗakin uwargidansa, ita kuma ta tashi tun kafin kiran sallar farko ta dama mana kunu ta soya ƙosai. Baba, Allah ya sa ka gama da duniya lafiya. Shi ne kuma ya haɗa mu da jagoranmu.

A kan wannan bawan Allah zan ɗan daɗe. Matashi ne haifaffen Zangon Kwatano, yana jin Hausa da Faransanci da Fon da Yarbanci, kuma raka baƙi yawon buɗe ido ita ce sana'arsa. Tun da dare ya tsallako ya same mu, ya karɓi fasfo ɗin kowa ya duba ranar ƙarewarsa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunayenmu a takarda biyu, ɗaya a hannunsa ɗaya a hannun direba. Ya ce mana ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar shiga ya zauna har kwana 90, saboda haka wanda takardunsa suka cika kada ya ji tsoron kowa, amma kada kuma ya ɗaga murya. Ya ce a bar masa magana a kowane shinge. Shingayen kuwa tsakanin Badagiri da Seme ba a cewa komai. Kafin direba ya sa giya ta uku an sake tsayar da shi. A wani shingen wasu masu kaki suka riƙe mu kan wai yarinyar da ke tare da mu sunan mahaifinta ya bambanta da na Yaya. Jagoran nan ya fito da takardar izinin da ya sa uban ya turo ta waya tun daren jiya. Ni dai ko a mafarki ban yi tunanin wannan takarda ba. Suka juya ta, suka sake juya ta, suka ce mu tafi.

Ita kanta bodar Seme da Kirake gini ɗaya ne ƙasashen biyu ke aiki a cikinsa, wanda Shugaba Buhari da Shugaba Patrice Talon suka buɗe a watan Oktoban 2018. Aka duba katin rigakafi, aka buga mana hatimin fita, aka buga na shiga. Yara suka yi ta leƙen fasfo ɗinsu suna nuna wa juna.

Kwatano ba mu zauna ba da safe, ratsawa muka yi. Abin da ya fi ɗaukar hankalin yaran shi ne 'yan acaba, dubbai, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa da lamba a baya da hular kwano. Na tuna cewa tun 2013 aka hana acaba a Kano, wasu cikin yaran ma ba a haife su ba. Muka tsaya a gindin mutum-mutumin jarumar nan ta sojojin mata na masarautar Dahomi, mai tsayin mita 30, da aka ƙaddamar a 2022. 'Yar autarmu ta ce ashe su ma suna da tasu Sarauniya Amina. Aka ɗauki hotuna, muka miƙi hanyar Wida, tafiyar kusan kilomita 40 yamma da Kwatano.

A Wida akwai ɗakin tsafin da ake ajiye mesa, yana fuskantar wata babbar majami'a. Jagoranmu ya ce wanda yake so ya shiga, wanda ba ya so ga inuwa. Samari suka shiga, har ɗaya ya yarda aka rataya masa mesa a wuya. Uwarsa ta ga hoton, yana nan yana amsa tambayoyi. Mu mata muka zauna a mota muna shan abarba. Abarbarsu doguwa ce siririya, bayanta kore shar kamar ba ta nuna ba, cikinta fari, ga zaƙi babu tsami ko kaɗan.

Daga nan muka kama hanyar da ake kora bayi zuwa teku, mai tsawon kusan kilomita 4, daga dandalin da ake cinikinsu har gaɓa. A nan ne na san mun dace da jagora. Da wani ne, ya haddace jawabin da yake karanta wa Turawa ya karanta mana a wuce wurin. Shi kuwa ya san da wa yake magana. Ya nuna mana gefen da ganuwar Turawan Fotugal take, wadda suka gina a 1721 kuma ba su sake ta ba sai 1961, shekara guda bayan ƙasar ta samu 'yanci. Ya ce Sarki Agaja na Dahomi ya ci garin da yaƙi a 1727, daga nan cinikin ya koma hannun masarautarsa. Mutanen da aka loda a jirgi daga wannan gaɓa kaɗai sun haura miliyan ɗaya. Ya nuna mana inda ake cewa akwai bishiyar da ake sa su zagaya, maza sau tara mata sau bakwai, wai don su manta da garinsu, da wurin ɗakin duhun da ake tsare su, da ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin jirgi ya iso.

Sai ya tsaya ya ce: "Iyayena, kada ku ɗauka labarin wasu ne. Akwai Hausawa a ciki." Ya ce a zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 an gangaro da kamammu da yawa daga ƙasar Hausa zuwa tashoshin wannan gaɓa, aka kai su Bahiya a ƙasar Birazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, sannan a watan Azumin 1835 bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin Salbado. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu masu rubutun Larabci. Na tsaya ina tunanin mutumin da aka raba da komai, aka tsallaka teku da shi, amma karatun allon da ya yi yana yaro bai bar kansa ba.

Wani cikin samarinmu ya fara zagin Turawa da sarakunan Dahomi. Goggo ta katse shi. Ta ce: "Kai yaro, yi a hankali. A Kurmi ma an sayar da mutum, kakata ta ba ni labari." Aka yi tsit. Ni a ganina wannan maganar tata ta fi duk abin da muka ji a ranar nauyi, kuma na yaba wa jagoranmu da bai yi ƙoƙarin shafe ta da wasa ba. Cewa ya yi gaskiya ne Hajiya, kowa da nasa kason.

Rabin hanyar a mota muka yi, amma Goggo ta dage sai ta taka ƙarshen da ƙafarta har ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995, wadda ke nuna inda mutum ke fita ba ya dawowa. Rana ta take. Ashe ta sha maganin sukarinta da asuba, kunu kaɗan ta kurɓa, abarba kuma ta ƙi ta wai kada sukari ya hau. Muna isa na ga gumi yana tsiyaya a fuskarta, hannunta na rawa, tana kiran jikarta da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Kafin in ce wani abu ta sulale a kan rairayi.

Akwai wata mata mai sayar da kwakwa da lemon kwalba a ƙarƙashin rumfar ganye. Ba ta jin Hausa, ba ma jin yarenta. Ta taho a guje, ta dubi Goggo, ta tambayi jagoranmu abu ɗaya, ya ce mana tana tambaya ko mai ciwon sukari ce. Muka ce e. Ta koma ta ɗauko lemo ta buɗe da haƙori, ta zauna dirshan ta jingina Goggo a ƙirjinta, ta tabbatar tana iya haɗiya, sannan ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa da ruwan sanyi tana shafa mata a wuya. Wasu masunta da ke gyaran koma suka kawo tabarma suka riƙe mana ita a sama ta zama inuwa, suna tsaye cikin rana har Goggo ta buɗe ido sosai ta ce wa ya ba ku izinin cire min mayafi. A nan muka san ta dawo.

Baiwar Allah nan ta ƙi karɓar ko sefa ɗaya. Da Yaya ya matsa, sai ta ce mahaifiyarta ma da wannan ciwon take fama. Da ƙyar jagoranmu ya lallashe ta muka saye kwakwar da ta rage a teburinta. Ba addininmu ɗaya ba, kuma na san wannan rubutu ba zai kai gare ta ba sai in jagoranmu ya fassara mata, kamar yadda ya yi min alkawari. Ki sani wata tsohuwa a cikin birnin Kano tana ambatonki da alheri kullum.

Direbanmu, sannu da ƙoƙari. Ka shigo da mota har inda ba a saba shigowa ba, tayoyi suka nutse a rairayi, kai da masunta kuka tura ta fita ba ka yi tsaki ko sau ɗaya ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu a wani ƙaramin asibiti a garin ta gwada sukari da hawan jini, ta sa aka ba Goggo abinci, ta riƙe mu har ta gamsu, ta kuma rubuta abin da ta gani a takarda don likitanmu na gida. Likitan ya karanta, ya rage mata ƙarfin maganin. Mun gode ƙwarai.

Da haka muka fasa shirinmu na biyawa Foto Nobo, babban birnin ƙasar, mu ga tsohon masallacin nan mai fasalin ginin Birazil. Kai tsaye Zangon Kwatano jagoranmu ya wuce da mu, gidan iyayensa. Kafin mu isa an share ɗaki an shimfiɗa wa Goggo katifa, an ɗora tukunya. Tuwon masara da miyar kuka aka kawo mana, da soyayyen kifi, da dogon burodin nan nasu mai ɓawo. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu, Hausarsu gauraye da Faransanci, kowa na tambayar wace unguwa muke a Kano. Wani tsoho ya ce kakansa daga Madabo ya fito, ayarin fataken goro ne ya baro da shi gida bai koma ba. Shi da Goggo suka shiga lissafin gidaje da zuriya, mu dai muka zama 'yan kallo. Mahaifiyar jagoranmu, Inna, Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya shirya miki zuriya. Tarbiyyar ɗanki ta nuna gidan da ya fito. Sun so mu kwana, amma jirginmu na washegari ne. Bayan mun haɗa Magariba da Isha muka kama hanya, jagoranmu bai rabu da mu ba sai da ya ga an buga mana hatimi mun shiga Najeriya, sannan ya hau acaba ya koma cikin dare.

Mutanen gida, ban manta da ku ba. Waɗanda suka yi ta addu'a, da maƙwabtan da suka riƙe mana yara 'yan makaranta, da ɗan uwanmu da ya zo filin jirgin Malam Aminu Kano da keken guragu, duk da Goggo ta ƙi hawa ta ce ita ba gurguwa ba ce, da waɗanda suke ta sintirin dubiya da kwanukan abinci har yau, Allah ya bar zumunci, ya biya kowa da mafificin alheri.

Masu tambayar lambar jagoran, ku same ni ta akwatin saƙo, sai na nemi izininsa tukuna. Ragowar kuɗin karo-karo yana hannun Yaya. Mun yi shawarar a aika wa mai kwakwar nan atamfa turmi biyu daga Kwari da turaren wuta, wanda bai amince ba ya yi magana kafin Juma'a. Hotuna kuma zan zuba su a zauren iyali na WhatsApp in an jima, ban da na mesa, uwar yaron ta ce a goge.

Wassalamu alaikum.